Martani: Zafin da Muke Sha Ba Irin na Kakanninmu Ba Ne

Na karanta makalar da wani dattijon marubuci ya fitar a wannan shafi a makon jiya, inda ya ce maganar ƙaruwar zafi a ƙasashenmu surutu ne da aka shigo mana da shi daga waje. A cewarsa, ƙasar Hausa ƙasar rana ce tun fil azal, kuma ba yau Sakkwato da Maiduguri da Agadas suka fara tafasa a watan Afrilu ba. Ya ce shi kansa, a hunturun da ya wuce, sai da ya haɗa rigar sanyi da bargo kafin ya iya fita sallar asuba. Ya ce ruwan sama ya dawo bayan farin shekarun baya, kuma yanayi dama can sauyawa yake yi tun kafin a ƙera mota. Sannan ya rufe da tambayar da na ga matasa sun ɗauka suna ta yaɗawa: ko da lissafin masana gaskiya ne, me ƙarin digiri 1 zai yi wa mutumin da ya saba da digiri 40?

Malam ya girme ni, ya riga ni riƙe alƙalami, na kuma ƙaru da rubuce-rubucensa a kan abubuwa da dama. Amma a wannan karon ya kauce hanya, kuma idan babba irinsa ya kauce, ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Babu mai musun cewa zafi tsohon abu ne a wurinmu. Da ba haka ba, da Bahaushe bai ware wa bazara suna nata daban da rani ba, da bai gina soro mai kaurin bango ba, da bai ajiye randa a inuwa ya binne gindinta cikin yashi mai laima ba. Masana ba su ce a zamaninmu aka fara zafi ba. Cewa suka yi matsakaicin zafin shekara yana hawa sannu a hankali, kuma wannan abu ne da fatar mutum ba ta iya aunawa. Fata ta san yau ta fi jiya zafi. Amma ba za ta iya gaya maka ko watan Maris na 1975 ya fi na 2015 sauƙi ba, balle ta ce da nawa.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana da ke aikin auna yanayi zuwa tashar da yake aiki, a gefen wani filin jirgin sama. Na zaci zan ga manyan injuna. Sai ga wani ɗan farin akwatin katako mai tsage-tsagen shan iska, kamar akurkin kaji da aka ɗora a kan ƙafafu huɗu, tsayinsa daidai ƙirjin mutum. Ya buɗe, ya nuna mini ma'aunai a kwance: ɗaya yana tsayawa a kan zafi mafi tsanani da aka yi da rana, ɗaya kuma yana riƙe sanyi mafi ƙasa da aka yi da dare. Ya sunkuya har idonsa ya zo daidai da layin, ya karanta, ya rubuta a wani babban littafi, ya girgiza ɗayan ya mayar, ya rufe akwatin da sauri don kada ɗumin jikinmu ya shiga. Ya ce mini haka waɗanda suka gabace shi suka yi, kullum, ranar Sallah da ranar makoki, tun zamanin Turawa. Daga irin wannan littafi ake haɗa lissafin kwanaki 365 a fitar da matsakaicin shekara. Shi ma na shekara ɗaya ba a yanke hukunci da shi. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ɗora ƙa'idarta a kan shekaru 30, shi ya sa ake kwatanta, misali, 1961 zuwa 1990 da 1991 zuwa 2020. To ina asubar hunturu guda ɗaya za ta tsaya a gaban wannan?

Malam ya san kasuwar Dawanau. Ya san kowace kaka farashin gero yakan sauko, wata shekarar ma ya faɗi warwas. Amma da wani zai zo a tsakiyar kaka ya ce masa ai hatsi bai yi tsada ba a cikin shekaru 20 da suka wuce, tunda ga shi makon nan kwano ya sauko, da Malam ne zai fara gyara masa zance. Hunturu ga zafi kamar kaka ce ga farashi. Tana zuwa, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe rana, a ji daɗi, a kunna wuta a tsakar gida. Zuwanta bai goge hawan da ake yi a ƙarƙashinta ba.

Ga abin da littattafan suka nuna. A rahotonsa na 2021, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ce shekarun 2011 zuwa 2020 sun ɗara shekarun 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. A farkon 2025, Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kusan digiri 1.55, kuma zuwa lokacin shekaru 10 mafiya zafi su ne daga 2015 zuwa 2024, a jere, babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin shekaru da ta samu shiga. A nahiyar Afirka, hukumar ta ce zafi yana ƙaruwa da kusan digiri 0.2 duk shekaru 10 tsakanin 1961 da 1990, daga 1991 kuma ya koma kusan 0.3. Wato ba hawa kaɗai ake yi ba, ƙafar ma an ƙara ɗaga ta.

Yanzu ga tambayar tasa: me digiri 1 zai yi? Na ji zafin wannan tambaya, domin ta juya gaskiya ne ta baya. Mutumin da ruwa ya kawo masa gwiwa, in aka ƙara masa taƙi ɗaya, zai ci gaba da tafiyarsa. Wanda ruwa ya kawo wa haɓa kuwa, taƙi ɗaya ne tsakaninsa da nutsewa. Sabawarmu da digiri 40 ba ta ba mu rata ba, ta nuna cewa a haɓa ruwan yake. Jikin ɗan Adam yana zaune ne a kusan digiri 37, ko a Sakkwato aka haife shi ko a Landan, kuma in iska ta fi jiki zafi babu abin da ya rage masa sai gumi. Sannan ƙarin da ake faɗa matsakaici ne, ba a raba shi daidai kamar gadon 'yan'uwa maza. Binciken da aka yi a kan bayanan tashoshin Sahel ya nuna cewa ƙarin ya fi taruwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da dama muka fi galabaita, kuma dare ya fi rana saurin ɗumama.

Wannan batu na dare shi ne ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa dare ne maganin bazara. A sha rana a yini, magariba ta yi a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, wajen asuba har mutum ya jawo zane ya rufa. A wannan ɗan tsakanin ne jiki yake hucewa, zuciya ta huta, a samu ƙarfin tarar gobe. In dare ya ƙi yin sanyi, to gajiyar yau ce ake ɗorawa a kan ta gobe, har jikin tsoho ko jariri ya kasa.

Azumin 2024 ba zai fita daga raina ba. Mahaifiyata ta tsufa, amma ta ƙi a ce mata ta ajiye azumi. A kwanakin goman ƙarshe babu wuta, ruwan tanki kuwa in ka sa hannu sai ka janye. Muna jiƙa zane mu lulluɓa mata, kafin a jima ya bushe ƙarau. Ƙarfe biyun dare na dafa bangon ɗakinta, na ji shi da ɗumi kamar gefen murhu. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni dai ban san irin wannan dare ba." Ban kawo maganarta a matsayin hujja ba, domin tunawarta, kamar tunawar Malam da tawa, fata ce. Na kawo ta ne saboda a daidai waɗannan kwanaki ma'auni ya faɗi abin da ta faɗa. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta bi lissafin, ta ce a Mali da Burkina Faso ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ta ƙara wa zafin ranar kusan digiri 1.5, na dare kuma kusan digiri 2, kuma ba don ita ba da ba a kai wannan matsayi ba. Wata biyu bayan haka, a aikin Hajji, zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu. Waɗannan mutane ba baƙin rana ba ne.

Gona ma tana da nata amsar. Gero da dawa su ne jaruman zafi a cikin hatsi, amma jarumi ma yana da iyaka. Zafi yana gaggauta nunar shuka kafin zangarniya ta cika, yana kuma tsotse laimar ƙasa da sauri, ta yadda ruwan da a da yake riƙe gona mako guda yanzu bai kai ba. Wani bincike da Benjamin Sultan da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar da aka riga aka samu ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, na dawa kuma da kashi 5 zuwa 15. Manomi ba zai ga wannan a rubuce a gonarsa ba. Zai ga dai damin da ya saba samu ya ragu, ya ɗora laifin a kan taki ko iri. Masu noman alkama a Kadawa da kwarin Haɗeja sun fi kowa sanin darajar sanyin dare, domin alkamarsu a kansa ta dogara. In zafi ya riski alkama tana cika ido, ƙwayar takan motse.

Da Malam ya ce ruwa ya dawo, gaskiya ya faɗa, kuma ina tare da shi a kan cewa ana yawan cakuɗa abubuwa. Farin 1973 da na 1984 sun wuce, kamar yadda yunwar Kakalaba ta 1914 ta wuce kafin su, kuma damina ta farfaɗo daga shekarun 1990. Ni ma ba na jin daɗin yadda ake ɗauko Tafkin Chadi a kowane taro a ce zafi ne ya shanye shi, alhali ƙarancin ruwan sama na waɗancan shekaru ne babban dalilin janyewarsa, kuma ya ɗan maido jiki daga baya. Amma ruwa daban, zafi daban. Wani rahoto da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 2012 tare da shirin gargaɗin yunwa na FEWS NET ya faɗi abubuwa biyun tare game da Nijar: ruwan damina ya kusa komawa yadda yake a da, zafi kuwa ya ƙaru da kusan digiri 0.6 tun daga 1975. Ruwa ya tafi ya dawo. Zafi tun da ya hau bai sauko ba.

Ruwan da ya dawo ɗin ma, ba da halinsa na da ya dawo ba. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri, in kuma ta tashi sauke shi sai ta juye a lokaci ɗaya. Binciken Christopher Taylor da abokansa na 2017 ya gano cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, ya kuma danganta haka da ɗumamar hamadar Sahara. Ba zan ce zafi ne ya fasa madatsar ruwan Alau a Satumban 2024 ba, domin akwai batun gyara da kulawa da ba za a ɓoye shi a bayan yanayi ba. Amma irin ruwan da ya cika ta har ya shafe unguwannin Maiduguri, shi ne irin wanda lissafin ya ce mu ƙara sa ran gani.

Hujjar Malam da ta fi daɗin ji ita ce yanayi dama can sauyawa yake yi. Haka ne, kuma shaidar tana ƙasarmu. A Dufuna ta jihar Yobe aka gano wani kwalekwale a 1987 wanda ya kai shekaru 8,000. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Sahara ta taɓa zama kore. Sai dai masana sun san abin da ya kawo wancan sauyi: jujjuyawar yadda duniya ke karkata a zagayenta na rana, abin da ke ɗaukar dubban shekaru. Mutanen wancan zamani sun samu zuriya bayan zuriya suna matsawa kudu da dabbobinsu, babu iyakar ƙasa, babu gonar wani a gabansu. Namu kuwa a cikin rayuwar mutum ɗaya yake faruwa. Kuma an duba rana: tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan Adam ke auna ƙarfin haskenta, bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne iskar kabon da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Cewa wannan iska tana riƙe ɗumi ba sabon zance ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafinsa tun 1896, kafin Turawa su ci Kano da shekara 7. Cewa gobara takan tashi da kanta a daji ba ya wanke wanda aka gani da ashana a hannu.

Akwai wani abu da Malam bai faɗa ba, wanda da ya faɗa da ya fi ƙarfi: garuruwanmu da kansu suna ƙara zafi. Kano ta yau siminti ce da kwano da kwalta, an cike kududdufai, an sare itatuwa, an tashi daga ginin ƙasa an koma bulo. Tashar da a da take bayan gari yanzu gidaje sun kewaye ta. Wannan gaskiya ne, kuma wani ɓangare na ɗumin bangon ɗakin mahaifiyata daga nan yake. Amma masu lissafi suna tace wannan ta hanyar kwatanta tashoshin birni da na karkara, kuma ƙarin yana bayyana a tsakiyar hamada da saman teku, inda babu kwano ko ɗaya. Ma'anar haka ita ce mutumin birni zafi biyu yake sha, na duniya da na unguwarsu.

Batun cewa Turawa ne suka kitsa maganar don su hana mu ci gaba, na fahimci inda zargin ya samo asali, domin an sha cutar mu da daɗin baki. Amma a duba wa musun yake yi wa amfani. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wasu ne suka ja, mu yake duka. Wanda aka yi wa ɓarna ya miƙe a gaban alƙali ya ce ai ba a yi masa komai ba, ya yafe diyyarsa ke nan tun kafin a tambaye shi. Kuma ba baƙi ne kaɗai ke wannan awo ba. Hukumar NiMet ta Najeriya tamu ce. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan ɗacin fari, ta ƙasashen Sahel ce, 'ya'yanmu ne a cikinta.

Na san za a ce komai ikon Allah ne. Babu shakka. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana manomi gina rumbu ba, kuma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka sanar da shi shekarun fari na tafe, tanadi ya yi. Abin da nake tsoro daga makalar Malam shi ne ta kashe tanadin. In mai unguwa ya yarda cewa babu abin da ya sauya, don me zai hana a sare darbejiyar bakin masallaci? Don me za a sake duba lokacin tashin 'yan makaranta a watan Afrilu, ko a sa wa aji silin a ƙarƙashin kwano, ko a tanadi ruwa da wuta a asibiti kafin bazara, ko a nemo irin alkama mai jure zafi? Manoman Maradi da Damagaram ba su jira taron ƙasa da ƙasa ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa yana girma a gonakinsu maimakon sassabe shi, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin gawo da azahar a watan Afrilu, ya taka ƙasar inuwarsa sannan ya taka ta fili, ya san abin da suka saya wa kansu.

Ina roƙon Malam abu ɗaya, kuma bai fi ƙarfinsa ba. Ya zaɓi gari ɗaya da ya yarda da shi, Sakkwato ko Kano ko Nguru ko Damagaram. Ya rubuta wa hukumar yanayi ya nemi lissafin zafin dare na watan Afrilu, daga shekarun 1960 zuwa bana. Ya raba shi gida biyu, shekaru 30 na farko da 30 na baya, ya fitar da matsakaicin kowanne da hannunsa, ya buga mana a wannan shafi ko me ya samu. In yana so, ni zan kai takardar, in kuma zo da kalkuleta mu zauna a zaurensa mu yi lissafin tare.